Girman Ƙafar Mota Da Taurin Sifirin: Riba Ko Asara?

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin titi a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ya zuba wa motocin da ke wucewa ido, lalle zai lura da abubuwa biyu da suka zama ruwan dare. Na farko shi ne motocin samari da na masu hannu da shuni, waɗanda aka cire wa ƙafafun da suka zo da su, aka sa musu manya-manyan wili masu sheƙi da siririyar taya kamar an shafa roba a jikin ƙarfe, sa'an nan aka durƙusar da motar har cikinta ya kusa shafar ƙasa. Na biyu kuwa shi ne motocin haya da na ɗaukar kaya, waɗanda aka ƙara wa sifirin, aka ɗage bayansu sama kamar wutsiyar kunama, domin su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Kowanne daga cikin masu motocin nan, in an tambaye shi, cewa zai yi ya ƙara wa motarsa lafiya.

Mai karatu yana iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Wato me ya kawo zancen taya da sifirin cikin mujallar ɗaliban Hausa? Amsa ita ce, a gareji da tashar mota da rumfar mai faci, da Hausa ake yanke shawarar abin da za a yi wa mota, kuma mu da malamanmu da iyayenmu mu ne fasinjojin da ke shiga motocin nan. Idan har muna da'awar cewa harshenmu yana iya ɗaukar kowane irin ilmi, to ilmin da ya shafi ran mutum shi ya fi cancanta a fara da shi.

Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne: sauya ƙafar mota ko sifirinta ciniki ne, kowane abu aka samu sai an biya shi da wani, kuma hanyar da mota za ta bi ita ce ya kamata ta yanke hukuncin cinikin. A kan irin hanyoyinmu, mafi yawan masu wannan ciniki faɗuwa suke yi.

Sassan Da Ake Magana A Kansu

Kafin a shiga muhawara, ya kyautu mu daidaita a kan sunaye. Abin da jama'a ke kira ƙafar mota abu biyu ne. Akwai wili, wato ƙarfen nan mai da'ira wanda ake ɗaure wa mota da noti. Akwai kuma taya, robar da ta zagaye shi, wadda ake hura wa iska. Tsakanin bakin wili da ƙasa akwai kuiɓin taya, wato gefenta inda ake ganin rubuce-rubuce. Daga ƙafa zuwa gangar jikin mota kuwa sai sifirin, ko dai mai falle-falle irin na akori-kura, ko murɗaɗɗe irin na ƙananan motoci. Kusa da kowane sifirin akwai shokazoba, wadda aikinta shi ne ta kwantar da tsallen sifirin. Ba domin ita ba, da mota ta faɗa rami ɗaya sai ta yi ta rawa har ta yi nisa.

Kowace taya tana taɓa ƙasa ne a wuri ɗan ƙarami, wanda bai fi tafin hannun babban mutum da yawa ba. Ta waɗannan tafuka huɗu mota ke tashi, ta nan take tsayawa, ta nan kuma take shan kwana. Saboda haka babban aikin sifirin da shokazoba shi ne su riƙe tafukan nan manne da ƙasa ko yaya hanya take. Jin daɗin fasinja yana biye ne da wannan. Tayar da ta tashi sama, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

A kuiɓin kowace taya akwai lambobi. Alal misali, ƙananan motoci da yawa suna zuwa da taya mai lamba 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tana nufin tsayin kuiɓi kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 127. Ta ƙarshe kuwa girman wili ce, inci 15. Idan aka haɗa wili da kuiɓin sama da na ƙasa, tsayin ƙafar baki ɗaya ya kama kimanin milimita 635. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, domin da su za mu yi awo.

Abin Da Babban Wili Ke Bayarwa Da Abin Da Yake Karɓewa

Ramin da ƙafa ke zama a jikin mota ba ya ƙaruwa. Don haka wanda ya cire wili mai inci 15 ya sa mai inci 18, tilas ne ya rage robar. Yawanci sai ya sa taya mai lamba 225/40 R18. Tsayin ƙafar baki ɗaya bai sake sosai ba, kimanin milimita 637 ne, amma kuiɓin ya sauko daga milimita 127 zuwa 90. Ashe ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na matashin iskar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa ya tafi.

Adalci shi ne a fara faɗin ribar. Gajeren kuiɓi ba ya lanƙwasa da yawa, saboda haka da direba ya juya sitiyari mota za ta amsa nan take. Faffaɗar taya, in robarta mai kyau ce, ta fi kama busasshiyar kwalta a kwana. Har wa yau, babban wili yana ba da sararin da za a sa babban faifan birki, kuma wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa motoci masu tsananin gudu suke zuwa da shi. Sai dai a lura, wanda ya sa babban wili ya bar birkinsa yadda yake, ya gina ɗaki ne bai sa kowa a ciki ba.

To, me ake biya? Abu na farko nauyi ne. Galibi babban wili da faffaɗar tayarsa sun fi ƙaramin nauyi, kuma nauyin ƙafa ba ɗaya yake da nauyin kaya a but ba. Mutumin da ya sa dutse a aljihu da wanda ya ɗaura shi a idon sawu ba za su yi gudu iri ɗaya ba. Inji zai wahala wajen juya ƙafar, birki zai wahala wajen tsayar da ita. Bugu da ƙari, nauyin nan a ƙarƙashin sifirin yake. Idan ƙafa mai nauyi ta daki tudu ta yi sama, sifirin da shokazoba sukan ɗauki lokaci kafin su mayar da ita ƙasa, kuma mun riga mun ga abin da ke faruwa ga tayar da ke sama.

A shekarar 2010 wata mujallar motoci ta Amurka mai suna Car and Driver ta gwada wannan a kan mota ɗaya, Volkswagen Golf. Aka riƙa sauya mata ƙafafu daga inci 15 har zuwa inci 19, ana awo. Kamun ƙasa a kwana ya ƙaru, ba shakka. Amma da aka kai inci 19, shan mai ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin ɗari, saurin tashin motar kuma ya ragu da kimanin kashi 4 cikin ɗari. A ƙasar da kuɗin fetur ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki bayan janye tallafi a watan Mayu na shekarar 2023, kashi 10 cikin ɗari ba abin rainawa ba ne ga mai albashi.

Abu na biyu shi ne rami. Kuiɓin taya shi ne sifirin na farko a mota, shi ke fara shanye duka kafin ya isa ga ƙarfe. Idan mai kuiɓin milimita 90 ya afka rami mai kaifin baki da gudu, sai robar ta matse tsakanin bakin ramin da bakin wili. Zaren da ke cikin taya ya tsinke, washegari a ga ƙululu ya fito a kuiɓi. Wannan ƙululu ba ya ɗaukar faci, kuma shi ne yakan yi bindiga wata rana a kan babbar hanya. Shi kansa wilin, da yake yawanci na sanholo ne, tsagewa yake yi, alhali kuwa wilin ƙarfe lotsawa yake yi a buga shi ya miƙe. Dukan da taya ta kasa shanyewa kuma ba ɓacewa yake yi ba, wucewa yake yi zuwa boris da boljoyin da shokazoba, ya rage musu kwana.

Abu na uku damina ce. Faffaɗar taya tana da ruwa mai yawa da za ta kore daga gabanta. In ruwa ya kwanta a kan kwalta, ta fi siririya saurin hawa kan ruwan ta yi sulu, direba ya ji sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa.

Idan Ƙafar Ta Ƙaru Baki Ɗaya

Waɗansu, don gudun siririyar roba, sai su sa babban wili tare da taya mai kauri, misali 225/55 R17 a motar da ta zo da 195/65 R15. Tsayin wannan ƙafa kimanin milimita 679 ne, wato ta fi ta asali da kashi 7 cikin ɗari. Maleji ba ya ganin hanya, juyin ƙafa yake ƙirgawa. Saboda haka in ya nuna kilomita 100 a awa, motar tana iya kasancewa a kan 107. Direba yana zaton bai ƙetare iyakar gudun da aka yanka wa ƙananan motoci a kan tagwayen hanyoyi ba, alhali ya ƙetare. Nisan da mota ke ci kafin ta tsaya kuwa ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin gudun a kan kansa yake bi. Ƙarin kashi 7 a gudu yana jawo ƙarin kimanin kashi 14 a nisan tsayawa, kuma wannan tazara ita ce tsakanin tsayawa a gaban yaro mai tsallaka titi da tsayawa a bayansa.

Daɗin daɗawa, doguwar ƙafa tamkar an ɗora motar a kan babbar giya ce kullum. Ƙarfin jan inji a ƙasa zai ragu da wannan kashi 7, haka nan ƙarfin birki. Motocin zamani kuma suna da na'urorin da ke hana ƙafa cijewa a birki da hana mota juyawa a santsi, waɗanda duk da ƙidayar juyin ƙafa suke aiki. Idan aka sa tayoyin gaba da na baya masu bambancin tsayi ba bisa ƙa'idar kamfani ba, na'urorin nan suna iya ruɗewa a daidai lokacin da ake bukatarsu.

Akwai kuma wata ɓoyayyiyar illa, ita ce rashin dacewar ramukan noti. Toyota Camry da Mercedes-Benz duka noti biyar-biyar gare su, amma da'irar da ramukan ke kai ta Camry milimita 114.3 ce, ta Mercedes kuwa 112. A ido kamar ɗaya suke, har ana iya tilasta wa noti ya shiga, amma a karkace zai zauna, kuma abin da ya zauna a karkace yana kwancewa ko ya karye. Haka nan wilin da ya fito waje fiye da na asali yana ɗora wa boris nauyi ta gefen da ba a yi shi dominsa ba.

Durƙusar Da Mota Da Taurara Sifirin

Masu durƙusar da mota suna da hujja ta gaskiya. Kowace mota tana da cibiyar nauyi, wato wurin da nauyinta ya tattaru. In cibiyar ta sauko, mota ba ta kwanciya gefe da yawa a kwana. A filin tsere mai sumul kamar faranti wannan riba ce.

Amma sifirin yana bukatar filin da zai matse ya kuma miƙe. Wanda ya saukar da mota ya cinye rabin filin nan. Rami kaɗan sai ƙafa ta kai maƙura ta daki jikin mota, a ji gam. Domin hana haka sai a taurara sifirin, taurin kuma in ya yi yawa a kan hanya mai gargada sai taya ta riƙa tsalle daga tudu zuwa tudu kamar dutsen da aka jefa a kan ruwa. Direba yana jin motar ta yi tauri sai ya ɗauka ta kama ƙasa, alhali kuwa rabin lokaci ba ta kan ƙasar. Sa'an nan saukarwa tana karkatar da tsayuwar ƙafa, taya ta riƙa cinyewa ta gefen ciki inda ido ba ya gani. Ga kuma tukunyar baƙin mai a ƙarƙashin inji, wadda tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa ta.

Mafi muni shi ne abin da ake yi don neman araha, wato a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga murɗaɗɗen sifirin, ko a gasa shi da wutar walda har ya zauna. Yankakken sifirin yana ƙara tauri ba bisa awo ba, kuma yana iya zamewa daga mazauninsa in ƙafa ta saki ƙasa. Wanda aka gasa kuwa ya rasa horon da aka yi wa ƙarfensa a masana'anta, zai ci gaba da zama har ya karye. Sifirin da shokazoba kamar shanun huɗa suke, tare ake zaɓensu. In aka sauya ɗaya aka bar ɗaya, kunya ba za ta miƙe ba.

Ɗage Mota Da Ƙarin Falle

Mu juya ga ɓangare na biyu, wanda ya fi shafar talaka. Direban akori-kura ko na ƙaramar motar haya yana ganin bayan motarsa ya zauna saboda kaya, sai ya je a ƙara masa falle biyu ko uku, ko a cusa roba a tsakanin zagayen sifirin. Motar ta miƙe, ido ya gamsu. Amma zaman da bayan mota ke yi gargaɗi ne cewa kaya sun kai iyaka, shi kuwa ƙarin falle rufe bakin mai gargaɗin ne kawai. Birki yana nan yadda yake. Boris da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya suna nan yadda suke. Ita ma taya tana da iyakarta a rubuce: wadda aka rubuta wa 91 bayan lambobin girmanta, kilo 615 aka yi ta ta ɗauka, in an hura mata iska daidai. Abin da ya wuce haka zafi yake zama a cikin roba, musamman a kwaltar bazara.

Ɗagewa kuma tana hawar da cibiyar nauyi, ballantana in an yi lodi a saman mota. Domin a ga cewa wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, a dubi abin da ya sami kamfanin Mercedes-Benz a shekarar 1997. Wani ɗan jarida a ƙasar Suwidin ya gwada sabuwar ƙaramar motarsu mai tsayi, A-Class, da irin kaucewar gaggawa da direba kan yi in dabba ta fito masa. A gudun da bai wuce kimanin kilomita 60 a awa ba motar ta kife. Sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya rage mata tsayi, ya sake sifirin da tayoyi, ya sa mata na'urar hana juyawa. Idan ƙwararrun injiniyoyin Jamus, da filayen gwajinsu, sun yi tuntuɓe a kan tsayin mota, ina ga gyaran da aka yi da ido a ƙarƙashin bishiya? Kaucewar nan kuwa kullum direbobinmu suke yin ta, ga akuya, ga ɗan acaɓa, ga rami.

Shaidar Masu Tsere Da Ta Fijo

Masu son babban wili sukan kafa hujja da motocin tsere, alhali motocin tsere a kanmu suke shaida. Motocin gasar Formula 1, waɗanda babu kamarsu wajen shan kwana, a kan wili mai inci 13 da taya mai kaurin kuiɓi suka yi shekaru da dama suna gudu, bisa dokar gasar, har zuwa ƙarshen 2021. A 2022 aka koma inci 18, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne a kusantar da su ga kamannin tayoyin motocin titi. Ashe girman wili ba shi ne ma'aunin gudu ba.

Shaidar da ta fi wannan ƙarfi tana ga gasar tseren motoci ta duniya wadda ake yi a hanyoyin daji da na gari. Mota ɗaya, direba ɗaya: in za a yi tsere a kan kwalta sai a sa mata wili mai inci 18 a saukar da ita, in kuwa a kan burji ne sai a sa mata inci 15 da taya mai kauri, a ɗaga ta, a sassauta sifirin. Mutanen da ba su da wani buri sai gudu, hanya suke fara dubawa kafin su zaɓi ƙafa. Hanyoyinmu masu ramuka sun fi kama da wanne daga cikin biyun nan?

Ba sai mun je nesa ba. Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo, ta fito a Faransa a 1968, aka kuma fara harhaɗa motocin kamfanin a Kaduna a 1975. A wannan shekara ta 1975 ita ce ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ya yi suna wajen karya motoci. Wilinta inci 14 ne kacal, tayarta mai kauri, sifirinta mai laushi da dogon zango. Da waɗannan ta zama sarauniyar hanyoyin Afirka shekara da shekaru. Haka nan motocin da ke keta hamada daga Agadas, a kan matsakaicin wili da taya mai dogon kuiɓi suke tafiya, domin in an shiga rairayi a rage mata iska ta baje. Siririyar taya ba ta da iskar da za a rage.

Hujjar Masu Ado

Wani zai ce, kuɗina ne, motata ce, kuma son ado ba laifi ba ne. Haƙiƙa Bahaushe mai son ado ne, duk wanda ya ga dawaki ran hawan salla ko zanen jikin manyan motoci ya san haka. Amma mahayin kirki ba ya ɗaura wa doki sirdin da zai ji masa ciwo a baya don kawai sirdin yana da kyau. Sa'an nan mota ba riga ba ce da in ta yage mai ita kaɗai zai ji kunya. Tayar da ta yi bindiga ba ta tambayar wane ne ya biya kuɗin wili.

Wani kuma zai ce, ai kamfanonin da kansu suna sayar da mota ɗaya da wili iri-iri. Gaskiya ne, amma sun gwada kowanne, sun daidaita tsayin ƙafar, kuma yawanci domin titunan ƙasashensu suka yi. Ko a can ma ba a barin kowa ya yi yadda ya ga dama. A Jamus, wanda ya sauya wili ko sifirin da abin da ba shi da takardar amincewa ga irin motarsa, sai ya kai ta masu duba lafiyar motoci sun yarda, in ba haka ba izinin hawanta titi yana iya faɗuwa.

Kada kuma a fahimci cewa kowane sauyi ɓarna ne. Ƙarin inci ɗaya, in an kiyaye tsayin ƙafa baki ɗaya, ba ya cutarwa sosai ga mai yawo cikin gari. Sifirin mai ɗan ƙarfi wanda aka ƙera domin irin motar, tare da shokazobar da ta dace da shi, yana taimakon mai zuwa ƙauye, muddin bai mai da shi lasin ɗaukar ninkin kaya ba.

Kammalawa

Mai neman ƙara wa motarsa lafiya da gaske, ga inda kuɗinsa zai biya. Ya fara da taya mai kyau, sabuwa, daidai da lambar da kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Ya duba ranar da aka yi ta, wadda ke cikin lambobi huɗu a kuiɓi: 2319, misali, tana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ya zama wajibi, domin tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Nijeriya a 2007 da 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, cikinsu har da na gwanjo waɗanda suka tsufa tun a can. Ya riƙa auna iska da ma'auni, ya bar bugun taya da ƙafa. Ya sauya shokazobar da ta mutu, biyu-biyu, ya kuma kai mota a daidaita tsayuwar ƙafafunta. Waɗannan ba wanda zai gan su ya yaba, amma su ne ke rage nisan tsayawa.

Ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci, muna roƙon su ƙara wa duban takardu duban ƙarƙashin mota, musamman motocin haya da aka ƙara wa falle. Ƙungiyoyin direbobi da na kanikawa su ma suna da ta cewa, domin a hannunsu aikin ke gudana. Mu kuma ɗaliban Hausa, namu aikin shi ne mu shiga gareji mu tattara kalmomin da kanikawa ke amfani da su, mu daidaita rubutunsu, mu fitar da ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo waɗanda direba zai fahimta ba tare da tafinta ba. Direban da ya san ma'anar 91 a jikin tayarsa ya fi wanda aka ci tara bai san dalili ba.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Kafin mutum ya cire ƙafar da motarsa ta zo da ita, ya fita ya dubi hanyar da yake bi kullum, ya tambayi kansa ko ita ce aka yi wa sabuwar ƙafar. Allah ya kiyaye mu a hanya, ya sa mu sauka lafiya, amin.